Jarumin Saye

Yatsanta na kan maɓallin korar ɗan wasa lokacin da sabon jarumin ya sake faɗawa rami.

"Wallahi wannan sayen mataki ya yi!" in ji abokin wasanta. "Ga sulken zinariya, amma ko tsalle bai iya ba."

Ita ce shugabar ƙungiyarsu a wasan intanet, kuma ta tsani masu saye. Da gumin yatsunta ta kai matakin ƙarshe, a ɗakinta na jami'a, nesa da gida. Sai wani ya biya kuɗi ya zo ya jera da ita? Ina adalci a nan?

"Malam," ta ce, "koma matakin farko ka koyi tafiya tukuna."

Ya buɗe makirufonsa. Ƙarar kekunan ɗinki ce ta fara shigowa, sannan gyaran muryar da ta sani tun tana goye.

"Auta, ai na gwada. Ƙananan matakai ba a barinsu su shigo inda kike. Ke kuma ba kya ɗaga waya."

"Baba?!"

Ƙungiya ta kwashe da dariya, ita har da hawaye.

Sai ga dodon wasan ya taso yana aman wuta. Baba bai san maɓallin takobi ba, guda ɗaya tal ya haddace. Ƙaton jarumin ya tako, ya ɗaga garkuwa, ya karkatar da ita kan 'yarsa, daidai yadda yake riƙe mata lema a hanyar makaranta tana yarinya, tasa kafaɗar tana jiƙewa.