Wayar Fitilu

Saurayin ya kashe injin niƙa itace a bakin wani titi a garin Hyattsville, sanyin Janairu na yankan kunnuwansa. Bishiyar Kirsimetin da aka jefar, wadda za su niƙa, tana naɗe da wayar fitilun ado. In injin ya fizgi wayar, da hannun mai turawa zai tafi.

"Kunna, ɗan boko!" in ji kawunsa, shugaban aikin. "Ko ka tura ta haka, ko gobe ka zauna gida!"

"Sai na warware ta, Kawu. In kora ce, bismillah."

Kawu ya ɗaga hannu zai nuna masa hanya, amma babu yatsan nunin. Bara injin nan ya cinye shi. Dukansu suka ƙura wa gurbin ido.

Can Kawu ya durƙusa, ya kama ɗaya bakin wayar.