Labarin Kada na 'Yan Aji Biyu

Kada ya cafki hannun yarinyar, ya yi juyi da ita. Ƙashi ya ce ƙaras, ruwa ya koma ja wur.

Malam Gwadabe, sabon sufeton makarantun En'e, ya ajiye takardar.

"Haba Malama Dibora! Wannan kika rubuta wa 'yan aji biyu? Ai kowa ya san ba a sa jini a labarin yara. Sake shi. Kadan nan ya zama abokinta, ya goya ta su haye."

"Ranka ya daɗe, yaran nan kullum suna wanka a kogin Hadejia."

"Duk da haka."

Ta yaye gyalenta, ta ɗora dungulmin hannunta a kan teburin.

"Labari irin naka aka ba ni ina 'yar shekara bakwai."