Kunun Inna

Cikina ya wuce lokacinsa, sai aka ɗaura mini ruwan naƙuda a wani asibiti a Gyadi-Gyadi. Ciwo ya taso, ko tari ban yi ba.

Inna ta leƙo da fulas ɗin kunun kanwa. "Sha ko kaɗan, 'yar boko. Shi ke kawo ruwan nono."

"Ba na jin yunwa, Inna. Ruwan nan yana taɓa hanji. Mun karanta a makaranta."

Ta taɓe baki, ta zauna tana ninke kayan jariri.

Ban yi mata ƙarya ba, mun karanta ɗin. Sai dai tun kafin a ɗaura ruwan, likita ta nemi bugun zuciyar yaron ba ta samu ba.

Na bar ta ta gama ninkewa.