Mai Haƙar Rijiya da Ruwan Tsibiri

Zauna nan, jikalle, tunda ƙasar wasu za ka tafi aiki, kuma wai ka gama saninta a waya. Ka ji wannan tukuna.

Wani mai haƙar rijiya ne, a cikin rami furfura ta same shi. Ya je ganin ɗansa a wani tsibiri can tsakiyar teku, inda kwakwa da ayaba ke fitowa ba wanda ya yi musu ban ruwa. Aka ce masa akwai inda ruwa ke faɗowa daga kan dutse rani da damina, ba guga ba igiya. To, mutumin da ya ƙarar da ƙarfinsa yana neman ruwa a ƙarƙashin ƙasa, ina zai iya zama? Wata 'yar garin mai shiga daji tsinkar ganyen miya ta ce ya biyo ta, ba nisa. A hanya ya ishe ta da tambaya. Wannan itacen ana cin 'ya'yansa? Wancan tsuntsun ina yake kwana? Ita kuwa tana ba shi amsa, rabi da baki rabi da hannu. Da suka isa, ya ga farin ruwa yana zubowa kamar an warware rawani daga sama, feshinsa na jiƙa masa gemu, sai ya yi kabbara. Daga nan fa tambaya ta ƙare. Ai ruwa ne, wa zai gaya masa halinsa?

Ya naɗe wando, ya ratsa tafkin da ruwan ke zuba a ciki zuwa wani dutse a tsakiya, shi dai sai ya leƙo inda abin nan ke ɓulɓulowa. Can ruwan ya fara komawa kalar koko, ga ganye da ƙirare suna gangarowa. Matar ta ƙwala kira, "Baba, fito! Fito!" Ya ɗaga kai ya dubi gabas, ba hadari, rana tarwai. A wurinmu ai ruwa ba ya zuwa bai aiko iska ba. Sai ya yi mata hannu, wai ta dakata. Ashe can ƙololuwar dutsen, inda ido ba ya kaiwa, an daɗe ana tafka ruwan sama. Kafin ya juyo ruwan ya kai masa ƙugu, yana jan ƙafarsa. Da mayafinta ta jawo shi, da ƙyar, tana yi masa faɗa da yarensu. Takalmi da hula kam, sai wani ya tsinta a teku. Ya zauna kan gaɓa haƙora na haɗuwa, yana ta kallon sama wadda ko ɗigo ba ta yi ba.

Idonsa lafiya lau, ka ji, sai dai idon garinsu ne. Shi ya sa Hausawa suka ce, baƙo ko da ido makaho ne.