Sakatar Ɗaki Na Bakwai

"Baba, ba zan kwana a nan ba," in ji mai zane, baƙuwarmu ta farko.

Tsohon gidan yari muka mayar gidan zane da waƙa, har da masauki. Mun sa sola, mun tara ruwan sama, na hana a jefar da ƙofofin ƙarfen, don kowace da irin kukanta. Idan baƙuwar ta tafi, wa zai zo?

"Fentin ne, 'yata?"

Ta nuna ƙofa. Sakatar ƙofar ɗakinta, na bakwai, tana waje.

Shekara talatin ina gandiroba a nan, ban taɓa ganin aibin hakan ba. Na kwance ta, na ɗaura ta ciki.

Ta rufe, tana dariya. "To, ƙwanƙwasa, Baba."

Na ƙwanƙwasa, na tsaya jiran izini.