Kuku da Ƙashin Raƙumi

Zauna ka ji, tunda ka ce wasa ba ya ciwo. Wasu masana sun shiga hamada bayan Agadas neman ƙasusuwan ƙattin dabbobin nan da suka ƙare tun kafin a yi mutane, waɗanda ƙashinsu ya zama dutse. Jagoransu wani tsohon makiyayi ne. Idonsa shi ne jarinsa: in ya nuna wuri a tona, in ya yi kuskure sau ɗaya kuwa, baɗi wani za a ɗauka. Kukunsu taubashin tsohon ne, shaƙiyyi na gaske. Ya samo ƙashin cinyar mataccen raƙumi, ya shafe shi da jar ƙasa, ya haƙa rami har ƙugu ya kafa shi a tsaye. Ya zuba ruwa ya daddale wurin don ya yi tauri, ya bar kan ƙashin kaɗan a waje. Nufinsa tsoho ya yi ihun samu, a tono raƙumi, a sha dariya.

Tsoho ya zo ya tsuguna. Ya ƙwanƙwasa ƙashin da farce, ya dubi ƙasar, ya dubi kuku. Sai ya ce wa shugabar masanan, “Malama, taubashina ya daɗe yana son koyon aikin nan. A ba shi wannan.” Ka san dokar aikin: ba a fizge ƙashi, ba a sa diga. Da basilla ake yi da ɗan buroshi, ƙwayar rairayi bayan ƙwaya. Kuku ya rasa bakin ƙi, don ƙin ma tonon asiri ne. Kwana biyu yana durƙushe a rana yana kankare ƙasar da shi ya daddale, gwiwoyi duk sun sale. Abin da ya fi ci masa rai, tsohon nan ne ke kawo masa ruwa, ya tsaya ya yi masa inuwa da mayafinsa. Da ƙashin ya fito, malama ta ɗaga shi da hannu ɗaya, sakayau kamar kara, ta miƙa wa kuku. Ba wanda ya yi dariya. Da an yi ma da ya fi sauƙi. Ranar ya dafa abinci, ya kasa ɗaga ido ya raba.

Shi ya sa Hausawa ke cewa, in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere, wataƙila kai za ka faɗa.