Manomin da Ya Hana Magini Ciyawa

Wata rana da aka tashi daga ajin manya, Alhaji Tanimu ya tare Malam Ilu a bakin ƙofa. Shi fa, in ji shi, Turancin ciniki ya zo koyo, kuma yana zargin wannan dogon zama a kan 'yan kalmomin haɗa jimla, su "and" da "but" da "because", jan lokaci ne kawai. Malam Ilu ya ce, "Alhaji, zauna ka ji wani misali."

An yi wani manomi mai zargin tsiya, ko inuwarsa bai yarda da ita ba. Wata shekara gero ya yi masa kyau, ya kira magini ya gina masa sabon rumbu. Magini ya iso da jakinsa, ya duba ƙasar, ya ce a kawo busasshiyar ciyawa da yawa a kwaɓa da ita, don ita ke riƙe gini. Manomi ya dubi magini, ya dubi jaki, ya ga haƙarƙarinsa duk a waje. Nan take ransa ya raya masa ciyawar nan cikin jaki za ta. Ya kawo 'yar runguma guda, ya ce iyakarta ke nan. Magini ya yi magana, aka ce masa an san irinsu. Magini ya yi gini da abin da aka ba shi, manomi na zaune a kan turmi yana gadinsa kamar ɓarawo.

Rumbu ya tashi sumul. Manomi ya loda geronsa, yana bugun ƙirji cewa ba a haifi mai cutarsa ba. Da bazara ta yi zafi, bango ya fara tsattsagewa, manomi ya liƙe da laka, ya ce hassadar maƙwabta ce. Ranar da aka sheƙa ruwan farko, ruwa ya bi tsagar, rumbu ya buɗe ya zube. Abincin shekara ya kwanta cikin taɓo, har da irin da zai shuka. Manomi ya tsaya yana hawaye, ya duba gabas ya duba yamma, ya rasa wanda zai zarga.

Malam Ilu ya ce, "Alhaji, manyan kalmomin da ka tara ƙasa ce mai kyau, amma sai da abin riƙe su; 'yan kalmomin haɗa jimlar nan su ne ciyawar. Hausawa dai sun ce, ɗan hakin da ka raina, shi ke tsone maka ido."